Wa ke biyan kuɗɗin jira?

Bahaushe na da magana biyu waɗanda ke zaune kamar kishiyoyi. Ya ce sauri ya haifi nawa. Ya kuma ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. In mutum na son shi wanke hukuma daga laifin jinkiri, sai shi ɗauko ta farin. In shina son shi wanke ta daga laifin gaggawa, sai shi ɗauko ta biyun. Kowa da karin maganarshi cikin aljihu, gardama kuwa ba ta ƙarewa. Ko'ina ka zauna, a fada ko a bakin kasuwa, za ka ji ana cewa aikin gwamnati ya cika nawa, a gaggauta dokoki, a rage ma takardu yawo. Maganar na da daɗin ji, ni ma ina cikin masu son ta. Amma kafin mu tafa mata, ya kamata mu tambaya: wane aiki za a gaggauta? Kuma in an gaggauta, ko an jinkirta, wa za shi ɗauki asarar?

Manomi ya san rabin amsar tun ba a gina biro ba. Ranar da ruwan shibka ya sauka, ba shi kiran taro. Tun da asuba kowa ya fita, maza na sara da sungumi, mata da yara na binnewa, don in laima ta tafi, ta tafi ke nan. Amma wannan manomin, in za a tsaga iyaka tsakanin gonarshi da ta maƙwabci, ba shi yarda a yi ta cikin dare. Sai an kira maigari, an kira tsofaffin da sunka san wurin, an taka ƙasa da ƙafa, an dasa gamba gaban shaidu. Haka nan in an yi rasuwa ba a barin gawa ta daɗe, in kuwa za a ba da ɗiya aure sai an yi watanni ana binciken asali da hali. Ba mai cewa masu jana'iza sun cika gaggawa, ba mai cewa uban ɗiya ya cika nawa. Abin da anka riga anka san wajibi ne, jinkirta shi cuta ne. Abin da za shi ɗaure mutane shekara da shekaru, kuma kwance shi na da wuya, shi ake ba lokaci.

Gwamnati ma tana da aikin nan iri biyu. Yin doka tsaga iyaka ne: ana yanke ma mutanen da ba su wurin, har da waɗanda ba a haifa ba, abin da ke nasu da abin da ba nasu ba. Ba mutum hakkin da doka ta riga ta ce nashi ne kuwa, wannan shibka ce, lokacinta ba shi jira. A ganina, ciwonmu bai tsaya ga nawa kaɗai ba. Sau da yawa mukan juya abin: mu tsaga iyaka da gudu, mu yi shibka da rarrafe.

Mu fara da rarrafen, don shi kowa ya sani. Wani magidanci cikin ɗalibaina ya je neman takardar haifuwar ɗanshi, saboda yaron za shi rubuta jarrabawa. Zuwan fari anka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na biyu anka ce littafin ya ƙare. Na uku anka ce shi zo da shaidu. Sai a zuwa na huɗu ya samu. Da munka zauna cikin aji, sai na mai da abin darasin lissafi. Munka haɗa kuɗɗin mota zuwa da komowa sau huɗu, da abincin hanya nashi da na shaidu biyu, da kwana huɗu na noman fari da sunka wuce shi. Da jimla ta fito bisa allo, ajin ya yi tsit. Ba doka guda da ta aza mashi wannan haraji, ba a kuwa ba shi rasit ba, amma ya biya shi har tamma ta ƙarshe.

Ku duba yadda asarar ta rabu. Wanda ya ce "komo gobe" bai rasa komi ba, albashinshi na zuwa ƙarshen wata, ko takarda ta fita ko ta kwana. Mai hali ma bai rasa komi ba, don shi ba shi tsayawa layi, yaronshi ke tsayawa, ko kuwa a kai mashi takardar har gida. Wanda ba shi da jari sai ƙarfinshi da yininshi, shi kaɗai ake cire ma. Shi ya sa nike cewa yinin talaka dukiya ce, wanda ya cinye ta ba bisa hakki ba ya ci amana, ko da bai taɓa aljihun kowa ba. Ban ce kowane jinkiri mugunta ce ba. Akwai biron da mutum guda ke aikin mutum biyar, akwai inda littafi ke ƙarewa da gaske. Amma duk inda jira ya yi tsawo, kasuwa na buɗewa a bakin ƙofa. Wani za shi zo shi raɗa maka cewa in ka ba da na goro, takardar sati uku za ta fito kafin la'asar. Daga ranar nan jinkiri ya zama haja, mai sai da ita kuwa ba za shi so ta ƙare ba.

Akwai wani abin da ke ba ni mamaki. Hukuma ta iya yanke wa'adi ƙwarai, in ga talaka ne. Dokar 2019 ta rajistar haifuwa da aure da rasuwa ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haifuwa. In sun wuce, sai an bi ta gaban alƙali. Haraji na da ranarshi, jarrabawa na da ranarta, wanda ya makara ya ji a jikinshi. To, wanda ke bayan tebur fa, kwana nawa gare shi, kuma mi ke samun shi in ya wuce? Kada a ce ba shi yiwuwa. A 2012 an kafa Gidan ƴan kasuwa, wanda ake kira Maison de l'Entreprise, don mai son buɗe kamfani shi gama takardunshi wuri guda, anka kuma sa ma aikin wa'adin awa 72. A lokacin ƙasashe na tseren hawa jerin da Bankin Duniya ke fitarwa na inda kasuwanci ya fi sauƙi (jerin da anka daina fitarwa a 2021). Ban ƙi ba, abu ne mai kyau. Haka kuma mun ga alƙalai na fita zuwa ƙauyuka, su yi zaman shari'a gindin icce, yara masu yawa su samu takardar haifuwa yini guda. Ashe dai in an so, ƙafar hukuma na da sauri. Abin tambaya shi ne, don wa take gudu?

Shekarar 2005 ta nuna mana fuskokin nan biyu cikin wata takwas. Damanar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara, kowa ya san rumbuna ba su cika ba. Cikin Janairun 2005 anka aza harajin TVA, kashi 19 cikin 100, bisa garin alkama da madara da sukari da ruwan pampo da wutar lantarki. Wannan bai ɗauki lokaci ba. Mutane sunka fita zanga-zanga cikin Maris, anka rufe kasuwanni, kafin ƙarshen Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan harajin. Batun hatsi kuwa, anka tsaya ga sai da shi da rahusa, buhu jikka 10, alhali a kasuwa ya ninka haka ya wuce, masu yunwar kuma ko jikka 10 ɗin ba su da ita. Ana ta gardama ko rabon kyauta za shi ɓata kasuwa, ko ma ya dace a kira abin yunwa. Babban rabon kyauta bai fara ba sai cikin Agusta. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani, mafi yawansu cikin jihar Maraɗi. Gardamar kasuwa ba ta banza ba ce, masana na yin ta har wasu ƙasashe. Amma cikin yaro ba shi jiran a gama taro.

To, mai karatu za shi ce: tunda haka ne, a gaggauta komi mu huta. Nan ne nike son mu daɗe kaɗan, don ƙasarmu ta ɗanɗana wannan ma, kuma bisa abin da ya fi komi tsada gare mu, wato gona.

Seini Kunce ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilun 1974, ƙasa na fita daga babbar yunwa. Wata takwas bayan haka, ran 18 ga Disamba, ya faɗa cikin jawabi cewa duk gonar da mutum ke nomawa ta zauna hannunshi, ko ta wace hanya ya same ta. Niyyar ba ta da aibi. Akwai waɗanda kakanninsu sunka share daji, sunka yi shekaru suna kai damen hatsi gidan mai ƙasa, kuma ko yaushe ana iya cewa su tashi. Cikin dare guda anka ce sun tsira. Sai dai maganar ta tsaya ga jawabi, ba a zuba ta cikin rubutacciyar doka ba, ba a kuma tsaya an bambanta ba tsakanin wanda ake zalunta da wanda ɗan uwanshi ya ara ma gona don tausayi, ko wanda ya riƙe ta jingina. Mi ya biyo baya? Masu gonaki sunka ji tsoron ba da aro, alhali aro shi ne tsanin da marar gona ke takawa. Masu riƙon aro da yawa sunka daina kai damen da ke nuna gonar ba tasu ba ce. Da Kunce ya rasu a Nuwamban 1987, waɗanda sunka yi shiru don tsoro sunka taso neman gonakinsu. Wannan na cewa gadon ubana, wancan na cewa shugaban ƙasa ya ba ni. Kowane na da gaskiyarshi, shari'ar kuwa ta koma kan ɗiya da jikoki, waɗanda ba su ma ji jawabin ba.

Sai anka ɗauki wata hanya. A 1986 anka kafa kwamitin da za shi shirya kundin dokokin karkara, wanda munka sani da Kod rural. Anka yi tarurruka cikin jihohi, anka saurari sarakuna da ma'aikata da wakilan manoma da makiyaya. Shekara bakwai ana wannan aiki, sai ran 2 ga Maris 1993 doka mai lamba 93-015 ta fito. Wanda ya karanta ta za shi ga amfanin tambaya. Ta ce hakkin gona da anka gada bisa al'ada na da kariya daidai da wanda ke da takarda. Ta san da burtali da mashaya da makiyaya. Ta san makiyayi na da mazauninshi na asali inda shike da fifikon amfani da ciyawa da ruwa, ko da shina tafiya shina komowa. Ta kuma tanadi kwamitocin ƙasa, waɗanda ake ce ma Kofo, inda za a rubuta saye da kyauta da aro da jingina, don kada magana ta mutu tare da shaidunta. Mutum guda zaune Yamai, komi basirarshi, ba za shi tuno da waɗannan duka cikin dare guda ba. Shekarun nan bakwai sun sayo abin da gaggawa ba ta iya saye.

Da na tsaya nan, da labarin ya yi daɗi: gaggawa ta ɓata, haƙuri ya gyara. Amma akwai abin da ba shi kyautu a ɓoye. Ran 30 ga Oktoban 1991, kwamitin na da shekara biyar da kafuwa, Taron ƙasa kuwa na zaune Yamai, anka auka ma Fulani makiyaya a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji. Mutum sama da 100 sunka mutu, mafi yawansu mata da yara. Ba ni cewa takarda za ta tare hannun mai ɗauke da makami. Amma rigimar gona da bisashe ba ta tsaya ta jira masu rubutu ba. Akwai kuma wata ɓarnar da jiran kanshi ya haifa. Wani mai bincike ɗan ƙasar Danmak, Kiristiyan Lund, wanda ya bi shari'o'in gonaki cikin jihar Damagaram, ya nuna cewa tun da anka ji za a rubuta gonaki, kowa ya tashi neman tabbatar da nashi kafin alƙalami shi sauka. Tsofaffin rigingimu sunka farka. An ce ma mutane doka na tafe, ba a ce masu yaushe ba, ba a ce masu mi za ta ƙunsa ba. Cikin irin wannan duhu, mai ƙarfi da mai sanayya ke cin riba.

Sa'an nan ku bi ni mu ƙirga abin da ya faru bayan an sa hannu. Kofo biyu na farko, na Mirya da na Maine Sorowa, an kafa su a 1994. Ƙa'idojin da sunka fayyace mazaunin makiyaya sun fito a 1997. Takardar da ta tsara aikin Kofo na gundumomi da na ƙauyuka, wato waɗanda ke kusa da manomi, ba ta fito ba sai Nuwamban 2005, shekara 12 bayan dokar. Dokar kiwo, wadda ta ce yawon kiwo hakki ne na makiyayi, ta kuma sake tabbatar da iyakar noma ta arewa da anka ja tun 1961, ta fito ran 20 ga Mayun 2010, bayan shekaru ana kai da komo. Ƙa'idojin farko na aiki da ita sai 2013. Dokar 1993 ta ce kowace jiha ta yi tsarin da za shi nuna ina ne gona, ina ne makiyaya, ina ne daji. Na farko, na jihar Doso, an amince da shi a 2018. Shekara 25! Yaron da anka haifa ranar sa hannu ya yi aure ya haifu. Cikin shekarun nan jama'a ta ninka, gonaki sun ci burtali da yawa, abin da za a shata ya ragu tun ba a shata shi ba.

Shin waɗannan shekaru duka shawara ce? A'a. Nan ne ake ruɗa mu, don jinkiri iri biyu ne kuma rigarsu guda. Akwai lokacin da takarda ke yawo cikin mutane, ana karanta ta, ana musu, ana goge layi ana sake wani. Akwai kuma lokacin da take kwance cikin akwati, ba mai buɗe ta, don ba a ware kuɗɗi ba, ko minista ya sake, ko wani babba na da garke ko gandu inda dokar za ta taɓa. In ka tambaya, duka biyun amsarsu guda: "ana nazari." Hanyar gane su ba ta da wuya. Ka tambaya, daga bara zuwa bana, wa anka ji ta bakinshi, kuma wane layi ya sake saboda abin da ya faɗa? In ba amsa, ba nazari ake ba, barci ake.

Akwai wata gaskiya mai nauyi da masu son gaggawa ke kafa hujja da ita, kuma ba ta kauce mani ba. Dokokin nan biyu ba majalisar depite ta zaɓaɓɓu ta fitar da su ba. Ta 1993 ta fito zamanin gwamnatin riƙon ƙwarya da Taron ƙasa ya kafa. Ta 2010 ta fito zamanin sojan Salu Jibo, wata uku bayan juyin mulki. Sai su ce: kun gani, in ba a kawar da masu surutu ba, ba abin da ke motsi. Amsata ita ce, a duba abin da anka sa ma hannu. Tuwon da anka daɗe ana tuƙawa ne, sa hannun kwashewa ce kawai. Ƙungiyoyin makiyaya da sarakuna da ma'aikata sun riga sun yi shekaru suna jan zaren kowane layi. Hannu mai sauri ya yi amfani don ya tarar da aikin masu haƙuri. Abin kunyar na ga waɗanda sunka bar dafaffen abu ya kwana. Inda hannun nan ya tarar da ɗanye kuwa, mun ga abin da ke faruwa, ko da farar hula ke mulki. A 2009 an rushe majalisa ran 26 ga Mayu, anka rushe kotun tsarin mulki ƙarshen Yuni don ta ce a'a, anka yi zaɓen raba gardama ran 4 ga Agusta. Tsarin mulkin tazarce, wanda anka gina cikin ƙasa da wata uku, wata shida ya yi a duniya.

Ko a inda dalili ke da ƙarfi, rashin tambaya na da farashi. Cikin Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawa mata da yara, da yawansu daga ƙasar Kance. Duk mai imani ya so a yi wani abu. A Mayun 2015 anka yi dokar hana safarar baƙin haure, ƙasashen Turai na matsawa, suna kuma ba da kuɗɗi. Daga 2016 anka fara kama motoci da direbobi a Agadas, garin da dubban mutane ke ci daga hanyar nan: mai mota, mai masauki, mai sai da jarka, mai tuwo. Ba a zauna da su ba kafin a yanke. Tafiya ba ta tsaya ba, sai dai direbobi sunka riƙa kauce ma sanannun rijiyoyi don gudun jami'ai, hanya ta ƙara haɗari. A tsakiyar 2017 mutum 44 sunka mutu da ƙishirwa kan hanyar Dirku. A Nuwamban 2023 anka soke dokar da sa hannu guda. Waɗanda sunka matsa a yi ta suna can gidajensu, ba motarsu anka kama ba, ba ɗansu ya ɓace cikin rairayi ba.

Abin da ya haɗa mai cewa "komo gobe" da mai cewa "a gama yau" shi ne wannan: duka biyun na wasa da lokacin da ba nasu ba. Na farko na kashe yinin wani, na biyu na caca da shekarun wani. Don haka ni ban yarda a auna gwamnati da yawan dokokin da ta fitar cikin shekara ba, kamar yadda ba a auna manomi da yawan ramun da ya sara. In doka za ta taɓa gonar mutum, ko hanyar cin abincinshi, ko ƴancinshi, a ji ta bakinshi tukuna, amma a faɗi ranar da za a rufe sauraro, a kuma cika. In an sa hannu, ƙa'idojin aiki da kuɗɗin aiki su biyo ta cikin watanni. Doka marar ƙa'idojin aiki kamar rijiya ce marar guga, ana ganin ruwa, ƙishirwa na nan. In kuwa abin ceton rai ne, a yi shi yau, a yi gardamar gobe, don kuskuren raba hatsi da wuri ana iya gyara shi, kuskuren makara kuwa sai dai a yi ta'aziyya.

Wani za shi ce sauraron jama'a shi ke cin lokaci, tunda mafi yawa ba su karatun Faransanci. Gaskiya ne dokokinmu da Faransanci anka rubuta su. Amma juya daftarin doka zuwa Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci aikin makwanni ne, karanta shi a rediyon karkara aikin dare kaɗan ne. Ba shi ne ya ci shekara 25 ba. Kuma mutumin da ya san abin da doka ta ba shi, da wuya a yi mashi "komo gobe" sau huɗu. Na ga bambancin da idona: wanda ya shiga biro shina cewa "a taimake ni" da wanda ya shiga shina cewa "takardar shaidar saye nike so, ga mai sayarwa, ga shaiduna", ba kallo guda ake yi masu ba.

Mu ma akwai namu. Mu ne ke barin haifuwa ta wuce kwana 60, sai jarrabawa ta matso mu tashi da gudu. Mu ne ke ara ma juna gona da baki, muna jin kunyar cewa a rubuta, sai tsofaffi sun kwanta dama ɗiya su kai juna gaban sarki. Inda akwai Kofo a ƙauye, maigari ke shugabantarshi, akwai wakilin manoma da na makiyaya da na mata da na samari, ba sai an hau mota ba. Inda babu shi, ana iya zuwa gunduma a tambayi dalili, a kuma sake tambaya.

Ga aikin da nike roƙon kowane aji shi yi kafin ruwa su sauka. Duk wanda ya nemi wata takarda cikin shekarar nan, ta haifuwa, ko ta gona, ko katin ɗan ƙasa, shi faɗi ranar da ya fara nema da ranar da ya samu, sau nawa ya je, nawa ya kashe. Wanda hannunshi ya faɗa shi rubuta bisa allo, sauran su haɗa jimla. Kada ku sa sunan kowa, lissafin kaɗai muke so. Inda aiki ya fita da wuri ma ku rubuta, ku faɗi yadda anka yi. Ku ba malaminku takardar shi aiko mana, za mu buga abin da ya zo daga Maraɗi kusa da na Damagaram da na Tawa da na Yamai.